Rabin Aski a Barandar Wankin Ƙoda

A layin bayan tashar mota, idan ka nemi a tuna maka abu guda da Mai Aski ya taɓa bayarwa kyauta, sai kowa ya kama kallon ƙasa. Na tambayi mai shayi, na tambayi mai facin taya da ke jikin shagonsa, na tambayi telan da suka yi maƙwabtaka tun suna samari. Telan ne kaɗai ya yi ƙoƙari. Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce, "Ya taɓa ba ni shawara. Ita ma daga baya na gane shi ta amfana."

A bayan idonsa Dunƙule suke kiransa, saboda hannun da ba ya buɗewa. A gaban idonsa kuwa Mai Aski, cikin ladabi, domin ba wanda ke son rigima da mutumin da zai riƙe reza a maƙogwaronsa ƙarshen mako.

Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa wadda ta daɗe da daina juyawa, madubi biyu, benci, da fanka. Fankar tana aiki ne kawai idan akwai kai a kan kujera. Mai jiran layi ya yi fifita da hannunsa. Hoda a kulle take cikin durowa. Mijin babbar 'yarsa ya shigo aski ana gobe bikinsu, aka gama, ya miƙe yana godiya, sai ya ga hannun surukinsa a miƙe. Ya ɗauka gaisuwa ce, ya kama da hannu biyu har da rusunawa. Ba gaisuwa ba ce.

Amma duk masu zaginsa wurinsa suke aski, kuma da dalili. Kai ba ya fita daga shagon nan sai an gama shi. In wuta ta ɗauke, ya jawo mutum bakin ƙofa ya ƙarasa da almakashi. An taɓa ganinsa ya bi wani fasinja har cikin mota, an riga an tayar da inji, saboda ya hango ɗan tsiron gashi a bayan kunnensa. "Duk kan da ya fita daga nan," in ji shi, "sunana ne yake yawo a gari."

Hawan jini ne ya fara. Ya sani, domin an gaya masa, amma ya ɗauki maganin a matsayin wata dabara ta raba mutum da abin aljihunsa. Yana sha idan kai ya sara, ya ajiye idan ya lafa, ya raba ƙwaya biyu don ta yi auki. Shekaru suka tafi a haka. Sai ƙafafu suka fara kumbura, takalmi ya ƙi shiga, abinci ya fita daga ransa. Wata safiya yana cikin gyara wa wani direba gemu ya ji ƙasa tana tasowa. Ya ƙarasa gemun tukuna, ya karɓi haƙƙinsa, sannan ya faɗi.

A asibiti aka ce ƙodojin biyu sun ajiye aiki, kuma ba hutu suka ɗauka ba. Daga yanzu na'ura ce za ta riƙa yi masa aikinsu. Sau biyu a mako a zaunar da shi, a soka allurai a hannun hagu, jini ya fita ta siririyar roba, na'ura ta tace shi, ya dawo. Rabin yini ke nan. A yanke gishiri. A rage ruwa har ya zama da ƙaramin kofi ake auna masa. Ranar gamawa kuwa babu ita.

Nan iyalinsa suka tashi tsaye, kuma ya kamata a faɗi gaskiya, mutanen kirki ne. Abin da ya same shi ke nan. Babban ɗansa ma'aikacin kamfanin inshora ne, mutum mai son tsari. Nan da nan ya ba wani saurayi hayar shagon, ya sayo kujera mai laushi, ya kafa doka cewa Baba ba zai ƙara ɗaga komai ba. Autarsa, malamar firamare, ta dawo gidan da zama. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, kofin ya riga ya iso bakinsa. In ya sunkuya zai sa takalmi, mutum biyu sun riga shi durƙusawa. Ko tashar talabijin sai a tambaye shi wadda yake so a danna masa.

Masu dubiya kuma suka yi ta sallama. Kowa ya shigo da lemo da ruwan roba ya dire gaban mutumin da aka hana shan ruwa. Kowa yana da ɗan'uwan da ya yi irin wannan ciwo, kuma a duk labaran ba a samu ɗaya da mai ciwon ya kai ƙarshensa da rai ba. Su gama, su ce ya yi kyan gani, su tafi.

Mutumin da ya yi rayuwarsa bai ba kowa ba, bai kuma karɓi na kowa ba, sai ga shi daga safe zuwa yamma ba shi da sana'a sai "na gode." Autar ta ce mini daga baya ma ya daina faɗa, sai dai ya ɗaga gira.

Wata rana aka kawo masa miyar da ba gishiri. Ya kalle ta, ya ture kwanon.

"Na daina zuwa wankin nan."

"Baba, wane irin ka daina?" in ji babban ɗan.

"Irin wanda kunnenka ya ji. Kaya ana wanke su ne don a sa. Ni kuna wanke ni, ku ninke, ku ajiye a kan kujera. Ku bar ni da dauɗata."

Autar ta kira likitan da ke duba shi. Likitan bai yi kwana-kwana ba. Idan ya daina, ruwa zai taru ya cika ƙirji, dattin da ke cikin jini ya taɓa zuciya, kuma maganar makonni ake yi, ba watanni ba. Aka gaya masa. Ya ce ya ji, a gaishe da likita. An yi kuka, an yi lallashi. An kira ƙanensa daga nesa ya zo ya yi masa nasiha. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi ƙanen wa ya biya masa kuɗin mota.

Matarsa ce, wadda ta fi kowa sanin lagonsa, ta shigo tana kwashe kwanuka, ta ce kamar da bango take magana, "Wankin jibi dai an riga an biya. Kuma ba sa mayarwa."

Ya juyo ya dube ta.

"To, wannan ɗaya," in ji shi. "Kada su ci banza."

Sashen wankin ƙoda na asibitin gwamnati yana can ƙarshen gini. Doguwar baranda ce da bencina, sikeli a bakin ƙofa, da wata shara mai murfi da ba ya rufuwa. Masu layin safe suna zuwa da wuri su zauna jiran kira. Na'urorin ba su da yawa, saboda haka wanda aka kira bai amsa ba, an ba na bayansa.

A bencin da ke gabansa ranar akwai wani dattijo mai faɗin kafaɗa, tsohon alƙalin wasan ƙwallo, wanda kowa a sashen Rafali yake kiransa. Ya fi kowa daɗewa a wurin, ya fi kowa murya. Ya ba Mai Aski baya, kuma a bayan nan matsalar take. Gashin ƙeyarsa hawa-hawa ne kamar matakala, wani wurin har fata, wani wurin tuntu.

Mai Aski ya kalli ƙeyar, ya kau da kai. Ya kalli sikeli. Ya sake kallon ƙeyar.

"Bawan Allah, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Rafali ya waiwayo. "Wace?"

"Kanka. Ɓera ne ko gobara?"

"Matata ce, da almakashin ɗinki. Kuma ka iya bakinka, ga ta nan tana jin ka."

"Allah ya ba ki lada, baiwar Allah. Ɗinkin ma haka kike yi?"

Barandar ta kwashe da dariya, har da matar. Rafali ya gyara zama ya fuskance shi.

"Malam, ranar wanki ina komawa gida kamar tsumma. Kashegari in farfaɗo. Kafin in gama miƙewa kuma a dawo nan. A ina zan samu ƙarfin zaman layi a shagon aski? Kai da ka iya zagi, ka iya gyarawa?"

"Ina aski tun kana busa usur da gajeren wando."

"To ga kai."

Autar, wadda ta rako shi, ta ce sai a lokacin ta san abin da ke ƙasan jakar da yake zuwa da ita asibiti. Kilifa ce, injin askinsa mai caji, naɗe cikin tawul, da mataji da almakashi. Ranar da aka ba da hayar shagon ya ɗauke ta, don kada yaron ya cinye mata haƙora, kuma tun daga nan ba ya barin ta a gida, don bai yarda da kowa ba.

"Baba, an ce fa kada ka…"

"An ce kada in ɗaga abu mai nauyi. Kan wannan ba komai a ciki."

Ya ɗaura wa Rafali tawul, ya fara daga dama. Autar ta ce tun da ciwon ya fara ba ta ga bayansa ya miƙe haka ba. Ya gama gefen dama tas, ya zagayo ƙeya, sai ƙofa ta buɗe. Babbar Sista ce, shugabar ma'aikatan jinya na sashen, mace mai gilashi wadda ba a taɓa jin ta maimaita suna ba. Ta kira Rafali, ta kira Mai Aski.

"Sista, saura kaɗan."

"Na'ura ba ta san saura kaɗan ba. Ku shigo ko in kira wasu."

Suka shiga. Kujerunsu suna fuskantar juna, saboda haka rabin yinin nan Mai Aski ya yi shi yana kallon kai guda, gefe ɗaya aikinsa, gefe ɗaya gobara. A nan ne kuma, don kowa ya sani, ya shaida wa Sista cewa yau ce ranarsa ta ƙarshe, ta ba wani kujerar. Ta ce ta ji.

Da aka cire su, ba wanda zai iya tsayuwa a cikinsu. Jiri ya ɗebi Rafali, aka ɗora shi a keken marasa lafiya. Matarsa ta ciro hula za ta kifa masa, ya ture hannunta. Ana tura shi yana ɗaga abin da ya rage na muryarsa.

"Hula ba zan sa ba! Duk wanda ya tambaya, zan ce aikin mai askin bayan tasha ne. Tunda ka daina zuwa, shi ke nan, haka za a binne ni!"

Safiyar wanki na gaba, babban ɗan ya fito ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida sanye da takalmi, wanda shi ya sa da kansa, jaka a hannu.

"Baba, ina zuwa?"

"Asibiti."

"Na ɗauka ka daina."

"Na daina. Aiki na bari."

Ya ƙarasa askin kafin kira, ya kaɗe tawul, ya nuna wa Rafali ƙeyarsa a madubin hodar matarsa. Sannan, bisa sabo, ya miƙa hannu. Rafali ya kalli hannun, ya kalli mai hannun.

"Ni na kira ka? Ina zaune da kaina lafiya, kai ka gani ka rikice."

Wannan shi ne askin kyauta na farko a tarihin Mai Aski, kuma waɗanda suka gani sun ce ya karɓe shi kamar labarin rasuwa. Kafin ya haɗa amsa, wani siririn magini ya riga ya zauna a gurbin Rafali ya sunkuyar da kai. Bayansa wani tsohon mai gadin makaranta ya matso. A kan mai gadin caji ya ƙare, a tsakiyar kai. Sista, wadda ba ta ba kowa kujerarsa ba, ta kira sunansa, ya shiga wankin. Ya zama dole a dawo.

Haka ya shiga sahun masu alheri, ba da niyya ba, kamar wanda aka hankaɗa daga baya.

Sista ba ta hana ba, amma ta kafa sharuɗɗa. Ba reza, domin maganin da ake sa musu don kada jini ya daskare a cikin na'ura yana sa ƙaramin yanka ya daɗe yana zuba. A goge kilifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin kai da kai, a gabanta in ta ga dama. A yi a can ƙarshen baranda, a share gashi. Shi yake sharewa. A gida ba a bari ya ɗauki cokali. A nan ga shi da tsintsiya, kuma bai mutu ba.

Na tambayi Sista abin da ya canza. Ta ce, "Kada ka rubuta cewa ƙodarsa ta warke. Ba ta warke ba, ba kuma za ta warke ba." Sannan ta faɗi abin da ta gani. Da can yana hawa sikeli da nauyin ruwan da ya sha a ɓoye. Yanzu nauyin ya daidaita, domin ya gano cewa in ya sha da yawa yatsunsa suna kumbura, kilifa ta ƙi zama a hannu. Yana shan magani cikakke, ba rabi ba, saboda jiri yana karkata masa layin goshi. Yana cin miyar da ba gishiri, yana zaginta, amma yana ci. Kuma ya fara ganin mutane. Shi yake fara lura da wanda bai zo ba. Shi ya ce mata ta duba maginin nan, idonsa ya yi fari, aka duba aka tarar jininsa ya yi ƙasa.

"Da yana zuwa ne a yi masa," in ji ta. "Yanzu akwai masu jiransa. A wurin mai ciwon da ba ya ƙarewa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne."

Shi kuwa ko kusa bai yarda da kalmar ba. Da na ce masa an ce yana aski kyauta, ya yi tsaki. "Wace kyauta? Hannuna nake motsawa kada ya sage. Su ne ma ya kamata in gode wa da suka kawo kawunan, in da kawunan kirki ne."

Ana nan, wata safiya mai zafi yana tsaye a kan wani sabon majinyaci, ƙafarsa ta ɗaure, ya zauna daɓas a ƙasa. Bai ji ciwo ba. Ya huta, ya tashi, ya ƙarasa. Sai dai ranar babban ɗan ne ya kawo shi, kuma ya gani.

Da yamma aka yi taron iyali, ba tare da wanda ake taron dominsa ba. Babban ɗan ya ce abin kunya ne a ce suna raye mahaifinsu yana wa mutane aski a barandar asibiti yana shara. Me duniya za ta ce? Ya ce ya yi magana da wani asibitin kuɗi. Can ba layi, ba benci, ba jira. Ɗaki ne kai kaɗai, da na'urar sanyaya ɗaki, da talabijin, da ma'aikaciyar da ke cewa "ranka ya daɗe" kafin ta soka allura. Zai matse kansa ya biya. Kilifa kuma ya ɗauke ta daga jaka ya kulle a motarsa, saboda ƙauna.

Kowa ya yaba masa. Maƙwabta suka ce Allah ya ba kowa ɗa irinsa.

Wurin kuwa ba ƙarya, yana da kyau. Na je na gani. Ƙasa tana sheƙi, akwai furen roba a kan tebur, kuma mutum zai iya yin rabin yini a ciki bai ga ƙeyar kowa ba. Mai Aski ya je, ya zauna, aka wanke shi, aka mayar da shi gida kan kujera mai laushi. Bai yi faɗa ba, abin da ya kamata ya tsorata su. Autar ta fara tarar da ruwan butar banɗaki ya ragu, ya koma sha a ɓoye. Ƙafafu suka dawo da kumburi. Sannan wata safiya ya juya fuska bango ya ce ba ya zuwa. Matarsa ta gwada maganar an riga an biya. Ya ce su ci, Allah ya amfana musu. A nan ta san abin ya wuce wasa.

Ya tsallake wanki ɗaya. Kafin na biyu ya zo, ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai a baya, numfashi sama-sama.

A ranar ne matar Rafali ta kira wayar gidan. An kwantar da mijinta, jiki ya yi tsanani, 'ya'yansa suna hanya daga nesa. Ya ce ba zai bari su same shi kamar daji ba, kuma ya rantse in ta kusanto shi da almakashin ɗinki zai ba ta jan kati. A nemo masa mai zagin nan.

Matar Mai Aski ta ajiye waya, ta sami babban ɗan a ƙofar gida. Autar tana wurin, ita ta ba ni labari.

"Ba ni makullin motar nan."

"Mama, ba ki ga halin da yake ciki ba? Hutu yake buƙata."

"Hutun ne ya kai shi halin da yake ciki. Kai, saurara. Tun kafin a haife ka nake jiran in ga mutumin nan ya ba wani abu da hannunsa. Na cire rai. Ranar da Allah ya yi ya fara, kuka taru kuka ƙwace. Ku ku yi ta bayarwa kuna jin daɗin ranku, shi ya yi ta karɓa har ya mutu? Wa ya ce muku ku kaɗai kuke son a gode muku?"

"Mama, don lafiyarsa na yi."

"Na sani. Makulli."

Ta shiga ɗaki ta ajiye kilifar a kan cinyarsa, ta gaya masa saƙon Rafali ba ƙari ba ragi. Ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya danna, ya saurari ƙarar.

"Wane mara hankali ne ya bar ta ba caji?"

A kan keke aka shigar da shi barandar. Sista ta fito, ta dube shi daga fuska zuwa ƙafa.

"Ina Rafali?" in ji shi, yana haki.

"Yana ɗakin kwanciya a saman bene. Kai kuma ba inda za ka. Ka ga fuskarka kuwa? Ba za ka taɓa kan kowa a asibitin nan ba sai na cire ruwan da ka tara."

Sai dai an riga an ba wani kujerarsa tun da aka ɗauke shi, kuma layin safe a cike yake. Ana cikin wannan, maginin ya ɗaga hannu daga benci ya ce a ba Mai Aski tasa kujerar, shi zai jira na yamma. Jiran na yamma yana nufin wuni guda a kan katako, da komawa gida a makare. Mai Aski ya kalle shi, ya rasa inda zai sa kansa.

"Me zan ba ka?"

"Ka daina yi mini aski irin na ɗan makaranta. Matata dariya take mini."

"Kanka ne irin na ɗan makaranta," in ji shi, ana tura shi ciki.

Kashegari aka hau da shi sama. A zaune ya yi askin, a gefen gado, matar Rafali tana tallafe da kan mijinta. Ya ɗauki lokaci mai tsawo, yana yi yana hutawa. Rafali ba ya iya ɗaga murya, amma bakin yana nan.

"An ce ka je wurin masu kuɗi."

"Na je."

"Suka koro ka?"

"Ba kawuna a can. Daina motsi."

'Ya'yan suka iso suka tarar da mahaifinsu fes, gemu a daidaice. Rafali ya yi 'yan makonni bayan haka, sannan ya rasu.

Gidan Mai Aski suka shiga zullumi. Sun ɗauka Rafali ne igiyar da ke riƙe da shi, ga shi ta tsinke. Daren da ya biyo bayan rasuwar bai ci komai ba. Safiyar wanki, Autar ta laɓe a bakin ƙofarsa tana sauraro, ta ji ƙarar kilifa ana gwadawa.

"Baba, ko ka huta yau?"

"In huta, mai gadin nan ya ci gaba da yawo da wannan gemu? Je ki ce wa yayanki ya tayar da mota."

Ya koma asibitin gwamnati gaba ɗaya. Babban ɗan bai daina ganin an yi kuskure ba, kuma yana da 'yancin ra'ayinsa. Shi ke kai shi, ya zauna a mota da gilashi a rufe don kada wani abokin aikinsa ya gan shi kusa da tsintsiya. Ciwon yana nan yadda yake. Akwai ranakun da Mai Aski ba ya iya yin ko kai ɗaya, sai ya zauna ya yi ta kushe kawunan mutane da baki, abin da su ma suka ce yana rage musu tsawon jira.

Bayan Sista ta sake samo masa gurbi a layin safe, wanda kowa ke rububi domin ana komawa gida da wuri, aka kawo wata sabuwar majinyaciya, mai aikin goge-goge a wani ofis. An sa ta layin yamma, kuma shugabanta ya gaya mata in ta ci gaba da rasa aikin yamma ta nemi wani wurin. Tana gaya wa wata a benci, ba da shi take ba. Ranar, da Sista ta fito kira, ya ce a musanya, a ba matar nasa.

Sista ta sauke gilashi ta dube shi. "Ka san sai yamma lis za ka riƙa fita?"

"Na sani."

"Ba wanda ya roƙe ka."

"Ni ma ba don ita na yi ba. Kullum ina tsakiyar aiki ki fito kina kiran mutane. Yanzu safiyar duka tawa ce."

Matar ta taso za ta yi godiya, har ta fara durƙusawa. Ya ɗaga mata hannu, ya ce ta matsa, tana tare masa haske.

Sista ta ce tun daga ranar bai tsallake wanki ko ɗaya ba, kuma har yanzu shi ne majinyacin da ya fi kowa ƙorafi a sashen. Na koma layin bayan tasha na ba telan labari duka. Ya saurara, ya cire zare daga bakinsa, ya ce lallai a sake duba mutumin da kyau, ciwon ya fi yadda likitoci suke zato.